Gasar Kyau da Kuɗin Karatu: Da Wane Ma'auni Za a Auna 'Yar Ƙaraye da Rogo?

Duk sanda aka ambaci gasar sarauniyar kyau, hankalin mutumin Kano yakan tafi Legas ko ƙasashen Turawa, alhali al'adar ta fi haka kusa da shi. Sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana gefen madatsar ruwan Kusalla ne, a ƙasar Ƙaraye, kuma zaɓen sarauniyar sansani da na ƙaƙƙarfan saurayi suna cikin shagulgulan da aka saba yi a irin waɗannan sansanoni a faɗin Najeriya. Kowace runduna takan fitar da tata, a yi shigar gargajiya, a taka a gaban alƙalai, a amsa tambaya, a miƙa kyauta. Wasa ne na bayan shinge tsakanin baƙin da suka riga suka gama jami'a ko kwaleji, don haka manomin rake a Rogo ko masuncin madatsar Challawa ba shi da dalilin sa shi a lissafi. Lissafin zai canza ne ranar da aka ce kyautar kuɗin karatu ce, 'yar takarar kuma 'yar gari ce da sakamakon jarrabawarta ke ajiye a ƙasan akwati saboda babu kuɗin rajista. Da wannan hujja gasar kyau ta wanke sunanta a Amurka, kuma tunda waya ta shiga kowane ɗaki, tallar irinta tana isa Zarewa da Yammedi ba tare da neman izinin kowa ba. A ganina, duk gasar da ladanta ilimi ne, da sharuɗɗan shigarta da ma'aunin alƙalanta ya kamata a yi mata hukunci. Idan aka yi haka gasar kyau ba za ta tsallake ba, sai dai abin da ya kayar da ita zai kayar da yawancin hanyoyin da mu kanmu muke raba tallafin karatu.

Tarihin haɗa kyau da karatu yana nuna wanne ya riga wanne. An fara Miss America a 1921 a garin Atlantic City, kuma 'yan kasuwar garin ne suka ƙirƙiro ta don su tsawaita zaman masu shaƙatawa a bakin teku bayan hutu ya ƙare. Sai a 1945 aka shigo da tallafin karatu, ƙarƙashin Lenora Slaughter, wadda ta himmatu wajen ganin iyaye masu kishin mutunci sun bar 'ya'yansu sun shiga. Bess Myerson ce ta fara karɓa, dala 5,000. A wancan zamanin akwai sharaɗi a rubuce cewa sai farar fata, baƙar fata kuwa ba ta ci gasar ba sai 1983, lokacin da aka naɗa Vanessa Williams. Fitowa da kayan ninƙaya sai a 2018 aka soke ta, wato an yi shekara 73 ana ba yarinya maki a kan jikinta kafin a ba ta kuɗin jami'a. Adadin kuɗin ma akwai magana a kansa. Ƙungiyar da ke shirya gasar ta riƙa cewa tana samar da tallafin dala miliyan 45 a shekara, amma a 2014 shirin talabijin na John Oliver ya bi takardun harajinta ya nuna cewa tsabar kuɗin da uwar ƙungiyar ta biya a 2012 bai kai dala 500,000 ba. An kumbura adadin ne da lissafa duk gurbin da makarantu suka yi tayi, ko da babu wadda ta karɓa. Mai son kwaikwayo ya fara tambayar nawa aka biya, ga wa, a wace makaranta, kafin ya saurari nawa aka yi alkawari.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Wadda ta fara cin Miss Nigeria a 1957, gasar da jaridar Daily Times ta kafa, ita ce Grace Oyelude, haifaffiyar Sabon Garin Kano. Fam 200 ta samu, ta tafi Ingila ta karanta aikin jinya, ta dawo ta yi wa asibitocin Arewa aiki shekara da shekaru. Bayan shekara 64, a Disambar 2021, Shatu Garko, 'yar shekara 18 daga Jihar Kano, ta zama mai lulluɓi ta farko da ta ci gasar, aka ba ta naira miliyan 10 da mota da gidan zama na shekara guda. Kafafen labarai suka ruwaito kwamandan Hisba na lokacin, Harun Ibn Sina, yana cewa abin ya saɓa wa addini kuma za a gayyaci iyayenta. Tsakanin waɗannan biyu akwai Nuwambar 2002, lokacin da shirin yin Miss World a Abuja da wani rubutun ɓatanci a jaridar ThisDay suka zama sanadin tarzomar da ta ci rayuka sama da 200 a Kaduna, aka mayar da gasar Landan. Babu hujjar addini ko ta hankali da za ta halatta jinin da aka zubar, kuma tun daga nan maganar ta koma ta zafin rai, aka rage zama a yi nazarinta. Na yarda da malaman da ke cewa jera 'yan mata a gaban taro ana ƙiyasta surarsu ya saɓa wa kunya da suturar da addini ya koyar. Amma wanda ya tsaya a nan bai gama aiki ba. Shatu Garko ba ta cire lulluɓinta ba, Miss Nigeria kuma ta daɗe da daina fitowar kayan ninƙaya. Gobe mai shirya gasa zai iya cewa kowa ta zo da hijabi har ƙasa, alƙalai mata, 'yan kallo mata, babu kiɗa. Idan tsiraici kaɗai ne abin ƙi, ya rufe bakin kowa ke nan. Dole a samu hujja ta biyu wadda canjin tufafi ba ya rushe ta, ita ce ta adalci.

Sharuɗɗan shiga su ne alƙalin farko, mai yanke hukunci tun kafin a ga fuskar kowa. Kusan duk gasar kyau sharuɗɗanta ɗaya ne: shekara 18 zuwa ashirin da 'yan kai, ba ta taɓa aure ba, ba ta taɓa haihuwa ba, tana da takardar gama sakandare, wasu su ƙara da tsayi, sannan kuɗin fom da zuwa tantancewa a babban birni. Sharaɗin aure da haihuwa ba a wasa da shi. A 2018 an ƙwace kambin wadda ta ci gasar ƙasar Yukren da aka gano ta taɓa aure tana da ɗa, Miss Universe kuma ba ta karɓi matan aure da masu 'ya'ya ba sai daga 2023. To a ɗauko waɗannan sharuɗɗa a ajiye su a Ƙaraye da Rogo. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma rabin matan da aka tambaya sun yi auren fari suna wajen shekara 16 ko ƙasa da haka. Ko da shekarun sun ɗan ɗaga a tsakanin 'yan baya, ranar da yarinya ta isa shiga gasar, da yawa daga sa'o'inta suna ɗakin miji. Wadda ta fi kowa buƙatar a kama hannunta ita ce wadda ta samu kiredit biyar, aka ɗaura mata aure bayan jarrabawa, ta haihu ɗaya, kuma har yanzu tana burin zama ungozoma a asibitin garinsu, ko ƙaramar bazawarar da ta dawo gida da goyo, ba sana'a ba jari. Sharaɗi ɗaya ya kore su duka biyun. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: wadda ta ci za ta shekara tana yawon tallata kayan masu ɗaukar nauyi, mai miji da jariri kuwa ba ta da wannan sukuni. A matsayin sharaɗin ɗaukar 'yar talla yana da ma'ana, amma babu abin da ya haɗa shi da iya karatu.

Sai kuma kuɗin da ba a rubutawa a takarda. Kafin yarinya ta hau dandali sai ta ɗinka kaya kala-kala, ta biya mai kwalliya da mai hoto, ta yi kuɗin mota da masauki. A ƙananan gasannin da ake yi ta Instagram da Facebook an ƙaro ƙuri'ar kuɗi, inda mai son zaɓen 'yar takara ke tura kuɗi, kuma yana iya zaɓa sau ɗari idan aljihunsa ya ɗauka. Wannan gwanjo ne, kuma abin da 'yan takara da danginsu suka zuba yana iya ninka kyautar da za a ba ɗaya daga cikinsu. Akwai kuma sharaɗin asali, wanda shi namu ne na gida, domin takardar shaidar ƙaramar hukuma ita ke yanke wa yaro hukunci a kusan kowane tallafi. Rogo tana kan iyakar Kaduna da Katsina, mutanenta suna auratayya da cin kasuwa da maƙwabtansu na Maƙarfi da Ɗanja, ga Fulani a rugage, ga iyalan da noma ya kawo suka zauna. Yarinyar da aka haifa a Fulatan, ta yi firamare da sakandare a nan, amma kakanta daga ƙasar Zazzau ya zo, 'yar ina ce? Shaidar da ta fi gaskiya ita ce rajistar makarantar da ta zauna, domin samunta ba ya buƙatar sanin kowa a sakatariya.

Game da alƙalancin kansa, tambaya uku ya kamata a yi wa kowane maki. Abin da ake aunawa, mutum zai iya ƙara shi da ƙoƙarinsa? Wani alƙali daban zai iya sake dubawa ya fito da sakamako kusan iri ɗaya? Wadda ta faɗi, za a iya nuna mata inda ta kuskure? A kasuwar hatsi mai saye ba ya yarda da awon da bai ga mudunsa ba, komai amanar mai awo, kyau kuwa ba shi da mudu. Masu kare gasar sukan ce an wuce wannan zamani, yanzu hira da baiwa ne ke ɗauke da mafi yawan maki. Akwai gaskiya a ciki. A tsarin Miss America na shekarun gabanin 2018, zagayen share fage yana ba baiwa kashi 35, hirar keɓe kashi 25, tambayar dandali kashi 5, ragowar 35 na rigar ado ne da kayan ninƙaya. Sai dai wannan lissafi ya ɓoye abu biyu. Duk wadda ta iso gaban manyan alƙalai ta riga ta tsallake matakan da ido ya yi aiki a cikinsu, don haka hira tana zaɓa ne a cikin kyawawa. Sannan idan 'yan takara suka yi kunnen doki a hira, ɗan makin sura shi ke raba gardama. A Najeriya kuma da Turanci ake hirar, a gurguje, a gaban fitilu da kyamara, abin da take nunawa shi ne irin makarantar da iyaye suka iya biya. 'Yar makarantar gwamnati daga Tudun Kaya da ke warware lissafin da ya gagari ajinsu tana iya daburcewa a nan, alhali ita ce za ta fi cin moriyar gurbin kwalejin kiwon lafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da irin wannan maki ke koya wa waɗanda ba su ma shiga ba. Inda aka ba hadda lada, yara sukan tashi da asuba su yi tilawa. Inda aka ba sura lada, masu sayar da man bilicin ne ke cin kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ambaton ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, domin sinadaran da ke cikin wasu mayukan suna lalata fata, suna taɓa ƙoda. Al'ummar da samarinta ke cewa fara ko mayya ce ba ta buƙatar dandalin da zai tabbatar wa 'yar shekara 14 cewa launin fatarta zai iya biya mata makaranta. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa a fili ba. Duk inda aka haɗa yarinya mabuƙaciya da mutumin da zai ba ta maki ba tare da ya yi wa kowa bayani ba, an share wa cin zarafi hanya. Manyan makarantunmu, inda ko ba komai akwai takardar jarrabawar da za a iya sake dubawa, suna fama da masu neman lalata da ɗalibai don maki, balle wurin da makin gaba ɗaya yake cikin idon alƙali.

Wani zai ce yabon kyau ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma haka ne. Dandali da gaɗa da kalankuwa duk wurare ne da 'yan mata ke cin ado a gan su, makaɗa suna wasa su. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa da ta tashi a yankin Zarewa, cikin Rogo ta yau, aka buga shi a 1954, ya ba da labarin yadda samari ke da sarkinsu, 'yan mata ke da shugabarsu. Amma abin da ake ci a can suna ne da girma a cikin tsara, wani lokaci mijin aure, wadda ba ta samu ba kuma ba ta rasa gonar ubanta ko sana'ar uwarta ba. Abin da gasar zamani ta ƙaro shi ne ɗaura makomar yarinya a kan zaɓen. Misalin Grace Oyelude ma, wanda shi ne hujja mafi ƙarfi a hannun masu kare gasar, haka yake nunawa. Ƙwaƙwalwa da juriya ne suka mayar da ita babbar ma'aikaciyar jinya, kyau kuɗin jirgi kawai ya sama mata, 'yan matan Kano na 1957 masu irin ƙwaƙwalwarta da ba su da irin fuskarta kuwa babu wanda ya tambayi labarinsu.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga gasar da ta amsa tambayoyin nan uku. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta fara a 1986, tana tashi ne daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, waɗanda suka yi fice su wakilci Najeriya a Makka da sauran ƙasashe. An kasa ta mataki-mataki, daga izu 2 har izu 60 da tafsiri, don kada a haɗa ƙarami da babba, kuma mata suna da nasu ɓangare da tasu gwarzuwar shekara. Mai karatu yana zaɓar lambar tambayarsa, alƙalai suna biye da shi da Mus'hafi, idan ya yi tuntuɓe a ankarar da shi, a rage maki gwargwadon ko ya gyara da kansa ko sai da aka buɗe masa. Hadda tana da makinta, tajwidi yana da nasa. Duk mahaddacin da ke cikin taro zai iya bin lissafin a zuciyarsa, wanda ya faɗi kuma ya san ayar da ta kayar da shi. Daɗin murya baiwa ce kamar kyau, amma ba ita ke jan ragamar sakamako ba. Musabaƙa ma tana da nata tabon. Ana ƙorafin rage shekaru da ɗauko mahaddata daga wani wuri su wakilci garin da ba nasu ba, kuma sau da yawa kyautar mota ce ko kujerar Makka a inda kuɗin jami'a zai fi amfani. Amma ƙorafin kansa shaida ne, domin ba a cewa an karya ƙa'ida sai inda akwai ƙa'idar da kowa ya sani.

A nan maganar ke dawowa kanmu, domin ƙin gasar kyau a Kano ba ya buƙatar komai sai fatar baki. Da wane ma'auni muke raba tallafin da ke hannunmu? Akwai inda ƙa'ida ta fito sarari. Jarrabawar share fage da 'yan aji biyu na babbar sakandare ke yi kafin gwamnatin jiha ta biya musu kuɗin NECO tana da makin da za a iya gani. Shirin tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shi a 2023 ya sa sharaɗin digiri mai daraja ta ɗaya. Amma na farko ya tsaya a sakandare, na biyu kuma yana can ƙarshen hanya, inda 'yar ƙauye ba kasafai take kaiwa ba. Giɓin yana tsakanin gama sakandare da shiga babbar makaranta, kuma abin da ke cike shi a yawancin garuruwanmu shi ne tallafin 'yan siyasa da masu hannu da shuni. Allah ya saka wa masu yi da alheri, amma an san yadda jerin sunayen yakan fito: ta hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa ko na kusa da mai bayarwa, ba sanarwar sharaɗi, ba jarrabawa, ba inda za a kai kuka. 'Yar wanda ya yi wa ɗan takara wahala ta samu, 'yar wanda ke ɗaya jam'iyyar ta rasa. Mai irin wannan rabo ba shi da bakin zagin gasar kyau, wadda ko ba komai takan buga sharuɗɗanta kowa ya karanta.

Ƙaraye da Rogo suna da damar da ba kowa ke da ita ba. Dokar masarautu ta Yulin 2024 ta bar masarautar Ƙaraye da waɗannan ƙananan hukumomi biyu, su ne kuma ke da ɗan majalisar wakilai guda, da mazaɓu 20 gaba ɗaya, yankin da bai fi ƙarfin a san kowace makarantar da ke cikinsa ba. Idan masarauta da ƙungiyoyin ci gaban gari da attajiran yankin suka so kafa gasar 'yan mata ta shekara-shekara, ba abin da zai hana ta armashi, da taro a ƙofar fada da naɗin gwarzuwa, muddin an gyara tushen. Shiga ta zama kyauta ga duk wadda ta gama makarantar gwamnati ko ta al'umma a yankin, budurwa ce ko matar aure ko bazawara, a kuma ɗaga iyakar shekaru yadda za ta ɗauki wadda aure ya tsayar shekara biyar ko shida. A fara daga mazaɓa, kowace ta fitar da nata, don kada 'yan cikin garin Ƙaraye da Rogo su kwashe komai a bar Jajaye da Kurugu. Mafi yawan maki ya tafi ga rubutacciyar jarrabawa mai lamba a maimakon suna, lissafi da kimiyya da insha'i, a kuma yarda insha'in ya zo da Hausa domin tunani ake nema a wurin, Turanci ya samu nasa makin daban tunda babbar makaranta tana buƙatarsa. Hirar baki ta ɗauki ɗan kaso, alƙalanta mata su fi yawa, a ɗauko su daga wajen yankin, kowace ta rubuta makinta ita kaɗai kafin a haɗa. A liƙa sakamako a kowace makaranta, a ba da lokacin ƙorafi. Kuɗin kuma kada ya bi ta hannun kowa, a biya makarantar kai tsaye, shekara bayan shekara har ta gama, domin kyautar rana ɗaya da ta biya rajistar farko ta tsaya ita ke haifar da waɗanda suka fara ba su ƙare ba.

Za a ce jarrabawa ma tana fifita mai gata, tunda 'yar malamin makaranta ta fi mai tallar fura samun lokacin karatu. Gaskiya ne, shi ya sa rabon mazaɓa yake da muhimmanci, shi ya sa kuma ya dace a ware wani kaso ga halin gida, kamar maraici ko rashin mai ɗaukar nauyi, wanda shugaban makaranta da mai unguwa da limami za su sa hannu a kai tare, kada a bar shi ga mutum ɗaya. Kuma giɓin karatu ana iya rage shi da darasin ƙari na 'yan watanni kafin gasar, abin da ba zai yiwu ga tsayi ko launin fata ba. Za a kuma ce kuɗin mutum ne, ya ba wadda ya ga dama, 'yar takara kuma baliga ce da ta zaɓa da kanta. Ba na musun haka, kuma ban ga amfanin tsangwamar yarinyar da ta shiga ko iyayenta ba, tunda wanda ya ga hanya ɗaya ita zai bi. Abin da nake ƙi shi ne a kira abin tallafin karatu, a nemi albarkar sarki da filin makarantar gwamnati da wannan suna. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na matan aure: idan ta ci, mijin ya ce ba za ta tafi Kano ba fa? Hakan zai faru, amma maganinsa ba sake hana su shiga ba ne. A nemi amincewar miji ko uba a rubuce tun wajen cike fom, a gaban mai unguwa. A ba ta damar jinkirta gurbin shekara guda idan haihuwa ta zo. A fifita karatun da yankin ya fi buƙata, wato ungozoma da jinya da koyarwa. Magidancin da ba ya son namiji ya duba matarsa a ɗakin haihuwa ya san cewa ma'aikaciyar da yake nema sai wani ya bar matarsa ko 'yarsa ta je ta koyo, kuma da wannan magana ya kamata kwamitin gasar ya fara zama da shi.